Kafin a Sa Almakashi

Ina gaida mutanen Yana da Shira da Disina. Ina gaida na Azare da Giyade da Gadau, da maƙwabtanmu na Jama'are, da duk wanda wannan murya ta iske, ko a ɗaki, ko a shago, ko a bakin gona.

Yau maganar awo za mu yi. Ba awon gero da dawa ba. Wannan kowa gwani ne, ba a cutar mutumin yankinmu na Guddiri da tiya. Awon da nake nufi shi ne na kayan da ke zuwa mana a naɗe. Ledar ɗaki. Kafet. Yadin ɗinki. Ragar shinge. Dogon kwanon rufin nan da ake yankowa daga naɗi. Kada wani ya ji an ambaci lissafi ya murɗa rediyo zuwa wata tasha. Lissafin kaɗan ne, kuma kuɗinku ne a ciki.

Ga maganar a dunƙule, zan kuma yi ta nanata ta har ku gaji da ni. Duk abin da aka naɗe yana da tsawo, yana da faɗi. Mai kanti tsawo yake auna muku. Ɗakinku kuwa tsawo da faɗi yake nema. In kun tambaya "yadi nawa?" kun yi rabin tambaya ne. Ragowar ita ce, "faɗinsa nawa?"

Mu fara daga inda abin ya fi ciwo, wato ranar jere.

An gama kaka. An sayar da riɗi da wake, an sa ranar biki. Gwaggon amarya ta shiga mota daga Yana zuwa Azare sayen kayan ɗaki. Ta isa wurin mai leda, naɗe-naɗe a jingine jikin bango, wannan mai zanen katako, wancan mai fulawa. Ta zaɓi wadda ta kwanta mata.

"Alhaji, a yanka mini ta ɗaki ɗaya."

"Hajiya, ɗakin nawa da nawa ne?"

"Ɗaki dai, irin na kowa."

Ya ja leda, ya auna yadi 8, ya sa almakashi. Ranar jere mata suka share ɗaki, suka goge siminti. Aka shimfiɗa falle na farko, ya kwanta lafiya. Aka shimfiɗa na biyu. Sai ga siminti tsirara a gindin bango, faɗinsa kamar ƙafa 2, tun daga wannan kusurwa har waccan. Aka turo gado ya rufe wani wuri, aka jawo kabet ya rufe wani, saura ya ƙi ɓoyuwa. Aka ɗora yaro a babur ya koma Azare. Ya tarar irin zanen ya ƙare. Dole aka jona da wata kala. Dangin ango ba za su ce uffan ba a ranar, amma sun gani.

To, wa ya yi laifi? Mai kanti bai tauye awo ba. Yadi 8 ya ce, yadi 8 ya yanka. Ɗakin ne ba irin na kowa ba. Ba sha biyu sha biyu ba ne, sha biyu da sha huɗu ne. Kuma ba wanda ya auna shi kafin a fita.

Yanzu ku biyo ni sannu a hankali mu ga daga ina yadi 8 ya fito.

Ɗakin da magina suka fi yi mana shi ne mai ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi. Mu ce ledar faɗinta ƙafa 6. Falle ɗaya zai rufe rabin ɗakin, falle biyu su rufe shi duka. Kowane falle tsawonsa ƙafa 12. Biyu sun zama ƙafa 24. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne. Ƙafa 24 ke nan yadi 8. Shi ke nan, ba wani asiri a ciki.

Ɗakin amaryarmu fa, mai 12 da 14? A nan akwai abin lura. In aka shimfiɗa ledar ta bi dogon ɓangaren, falle biyu sun isa, kowanne ƙafa 14. Jimla ƙafa 28, wato yadi 9 da ƙafa ɗaya. Amma in aka juya ta, ta bi gajeren ɓangaren, falle biyu ba za su kai bango ba. Sai an yanko na uku. Falle uku masu ƙafa 12 sun zama yadi 12. Ɗaki ɗaya, leda iri ɗaya, amma tsakanin shimfiɗar nan da waccan akwai kusan yadi 3. Kuɗin yadi ukun nan ya isa a ƙara wa amarya wani abu a kabet. Saboda haka bayan an auna ɗaki, a tsaya a yi tunanin ta inda ledar za ta kwanta.

Kuma kada a saya cif-cif. Bangon ɗakunanmu ba kasafai yake miƙewa sak ba. Ka auna nan ka samu ƙafa 12, ka matsa can ka samu 12 da inci 3. A auna wuri biyu ko uku, a ɗauki mafi tsawo. In ledar mai zane ce, sai an ɗan ja falle ɗaya gaba kafin zanen ya haɗu da na ɗan'uwansa, wannan ma yana cin wani abu. Rabin yadi na ƙari ba ɓarna ba ne.

Wani zai ce, ai duk leda faɗinta ɗaya. A'a, ɗan'uwa. Akwai mai ƙafa 6, akwai mai mita 2. A ido kamar ɗaya suke. A awo, mai mita 2 ta fi da kusan inci 7. Idan faɗin ɗakinka ƙafa 13 ne, falle biyu na mai mita 2 za su rufe shi da ƙyar. Falle biyu na mai ƙafa 6 kuwa za su bar maka ƙafa guda a buɗe. Kun ga abin da nake faɗa. A tambayi faɗi.

Mu juya kan farashi, don a nan ne mutane ke ganin sun yi wayo alhali sun yi asara.

A ce kana neman kafet. Kuɗin da zan ambata misali ne kawai, kada a je kasuwa a ce ni na yanke. Mai shago na farko ya ce yadi naira 3,000. Na biyu ya ce naira 5,000. Kowa zai nufi na farko. To, tsaya. Kafet ɗin na farko faɗinsa ƙafa 6 ne. Na biyun faɗinsa ƙafa 12. Ɗakinka sha biyu sha biyu. A wurin na farko yadi 8 za ka saya, naira 24,000. A wurin na biyu yadi 4 sun ishe ka, naira 20,000. Ga shi kuma falle ɗaya ne, babu mahaɗa a tsakar ɗaki da za ta riƙa tashi tana harɗe ƙafar yara. Mai tsadar shi ne mai arha. Farashin yadi ba ya gaya maka komai sai ka san faɗin yadin.

Teloli sun fi kowa sanin wannan, kuma su aka fi zargi a kansa. Mata ba su cika samun matsala da atamfa ba. Turmi yadi 6 ne, faɗinsa kuma kusan ɗaya ne ko daga wane kamfani. Yadin maza ne ke da rikici. 'Yan kasuwarmu da ke sarowa daga Kantin Kwari a Kano sun san akwai mai faɗin inci 45, akwai mai inci 60. Tela ya ce maka yadi 4 za su yi riga da wando, a ransa mai faɗi yake nufi. Kai kuma ka sayo yadi 4 na mara faɗi. A lissafi, yadi 4 na mai inci 45 daidai suke da yadi 3 na mai inci 60. Yadi guda ya salwanta tun a kasuwa. Ana jibi salla riga ta fito a ɗage, ka ce tela ya ci maka yadi. Ban ce duk tela waliyyi ne ba. Amma a wannan karon, bawan Allah bai ci komai ba.

To, masu sauraro, mun gama da tsawo da faɗi. Yanzu mu shiga ɓangare na biyu, wanda ya fi ruɗa har masu ilimi: sauya awo daga wannan ma'auni zuwa wancan.

Me ya sa ma muke da ma'auni barkatai? Kakanninmu da jikinsu suke awo. Kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da shi ake auna zane. Taƙi, buɗin tafin hannu. Gaba, buɗin hannu biyu, har yau da ita masu haƙar rijiya ke faɗin zurfi. Turawan Ingila suka zo da inci da ƙafa da yadi. Su kansu yadin nasu bai zama ɗaya tak a ko'ina ba sai a 1959, lokacin da Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka yi yarjejeniya cewa yadi santimita 91 ne da ɗan ɗoriya. Mita kuwa daga Faransa ta fito, tun shekarun 1790. Dattawanmu za su tuna zamanin Gowon. A 1972 muka koma tuƙi a hannun dama. A 1973 naira ta maye gurbin fam da sule. A tsakanin nan ne gwamnati ta ce a koma mita da kilo da lita. Man fetur ya bi, ya bar galan ya koma lita. Hanya ta bi, mil ya zama kilomita. Amma ɗaki ya ƙi. Fuloti ya ƙi. Yadi ya ƙi. Yau magini ƙafa yake faɗa, tela inci, mai kanti yadi, kayan da ke zuwa daga Sin da Turkiyya kuma mita ce a rubuce a jikinsu. Ku ɗauki tef ɗin awo ku duba. Gefe ɗaya inci, ɗaya gefen santimita. A kan siririn tef ɗin nan muke zaune, ƙafa ɗaya nan, ɗaya can.

A tsawo, abin da sauƙi. Mita ta fi yadi da inci 3 da ɗan wani abu. Mita 10 kusan yadi 11 ne. Wanda ya saro kaya da mita ya sayar da yadi yana da rarar kusan yadi ɗaya a kowace mita 10. Wanda ya biya kuɗin mita aka auna masa yadi kuwa, shi aka rage wa. A tabbatar da wanne ake magana kafin a yi ciniki.

A fili ne ake faɗawa rami. Ku saurara da kyau. Yadi ɗaya ƙafa 3 ne. Amma murabba'in yadi ɗaya ba murabba'in ƙafa 3 ba ne. Tara ne.

Ku tuna masu dara a gindin bishiya. In aka tona gurbi uku a jere, uku ne. In aka yi layi uku, kowane layi da gurbi uku, gurbi nawa ke nan? Tara. Haka filin da ke da yadi ɗaya tsawo, yadi ɗaya faɗi yake. Ƙafa 3 ta nan, ƙafa 3 ta can, gida 9 a ciki. Tsawo sau ɗaya ake sauya shi. Fili sau biyu, domin ɓangare biyu gare shi. Zan sake faɗa. Tsawo sau ɗaya, fili sau biyu.

Haka mita take. Mita ɗaya ƙafa 3 ce da ɗan ƙari. Murabba'in mita ɗaya kuwa ya kusa murabba'in ƙafa 11. Haka santimita. Mita ɗaya santimita 100 ce, amma murabba'in mita ɗaya murabba'in santimita 10,000 ne, wato ɗari sau ɗari. Yaran da ke shirin jarrabawa, ku riƙe wannan, a nan maki ke zubewa kowace shekara.

Ga inda abin ke taɓa aljihu. Ka kira mai tayil ko mai shimfiɗa kafet. Ya ce shi da sukwaya mita yake aiki, wato murabba'in mita. Ɗakin sha biyu sha biyu ne. Sha biyu sau sha biyu, murabba'in ƙafa 144. Sai wani mai saurin baki a wurin ya ce, ai mita ƙafa uku ce, a raba da uku. Aka raba, aka samu 48. Maigida ya biya kuɗin sukwaya 48. Alhali ɗakin nan sukwaya 13 ne da ɗan ɗoriya, bai kai 13 da rabi ba. An biya ninki uku har da ƙari. Kuma sau da yawa ba wanda ya yi niyyar cuta. An sauya fili sau ɗaya ne maimakon sau biyu.

Ga dabarar da za ku riƙe a ka, ba sai da takarda ba. In kun san filin ɗaki da ƙafa, kuna son ku san sukwaya mita nawa ne don biyan kuɗin aiki, ku raba da 11. Za ku faɗa kusa da gaskiya ƙwarai. In kuwa sayen kaya za ku yi, ku raba da 10. Ɗakin nan mai 144 zai ba ku 14 da ɗoriya. Wannan ɗan abin da ya hau shi ne na yanke-yanke da fashewa. Biyan aiki, a raba da 11. Sayen kaya, a raba da 10.

Wani abu kuma da ido ke yaudarar mutum a kansa. Mai ɗaki goma goma ya gina falo ashirin ashirin, ya ce ai ninki biyu ne, a sayo kafet ninki biyu. Ninki huɗu ne. Tsawo ya ninka, faɗi ma ya ninka. Goma sau goma 100. Ashirin sau ashirin 400.

Yanzu ina so in yi magana da masu shago, da duk wanda aka taɓa yi wa tayin ragowar naɗi.

Ga naɗin leda an ci rabinsa, ko an ce an ci rabinsa. Mai shi ya ce, "Ɗauke shi duka, na yi maka sauƙi." Yadi nawa ne a ciki? Warware shi a tsakar kasuwa aiki ne, ga ƙura, ga jama'a, ga wahalar mayarwa. Akwai hanyar sani ba tare da an warware ba, kuma ni a wurina ita ce mafi daɗi a duk wannan lissafi.

Ka kwantar da naɗin, ka tsuguna ta bakinsa. Za ka ga zobe-zobe, ɗaya cikin ɗaya, tun daga kwalin tsakiya har waje. Ka sa farce ka ƙirga su. Mu ce 40 ka samu. Sai ka ɗauki tef ko igiya ka zagaya naɗin ta waje. Mu ce ƙafa 2. Ka zagaya kwalin tsakiya, ko zoben da ya fi ƙanƙanta. Mu ce ƙafa ɗaya. Zoben waje shi ne babba, na ciki shi ne ƙarami, sauran duk suna tsakaninsu, kowanne ya ɗara na cikinsa kaɗan. Don haka sai ka ɗauki tsaka-tsaki. Tsakanin ƙafa ɗaya da ƙafa 2, ƙafa ɗaya da rabi. Ƙafa ɗaya da rabi sau 40, ƙafa 60. Yadi 20 ke nan. In faɗinta ƙafa 6 ne, kowane ɗaki sha biyu sha biyu yadi 8 yake ci, ka ga naɗin nan zai yi ɗaki biyu da rabi. Ba ka warware ko taƙi ɗaya ba.

Hanyar tana aiki a kan kafet, da raga, da tamfol, da duk abin da aka naɗe. Sharaɗinta ɗaya, naɗin ya kasance a matse. In sako-sako ne, a rage wa lissafin buri.

Kuma ga abin da ya kamata mai saye ya sani. Zoben waje ya fi na ciki tsawo. A naɗin nan namu mai zobe 40, in aka yanke 20 na waje, ƙafa 35 ne suka tafi. Abin da ya rage ƙafa 25 ne kawai. A ido, rabin kaurin ledar yana nan. A awo, bai kai rabi ba. Shi ya sa naɗi ke daɗewa a farko, daga baya ka ga ya ƙare kamar an sace. Mai shago da bai san wannan ba zai zargi yaronsa a banza.

Kwanon rufi ba zan daɗe a kansa ba. Abu biyu kawai. Dogon kwanon nan a shimfiɗe yake cikin naɗinsa. In inji ya lanƙwasa shi faɗinsa ya ragu, in kafinta ya ɗora wani a kan wani ya ƙara raguwa. Ku tambayi faɗin da zai rufe, ba faɗin da ya zo da shi ba. Na biyu, rufi ya fi ƙasan ɗaki fili, saboda gangara da kuma bakin da ke fitowa waje. Kada a auna ƙasa a sayi kwano. A bar kafinta ya auna saman katako.

Raga kuwa, ta shingen lambu ko ta kaji, lissafinta daban ne. Ita ba fili take rufewa ba, kewaye take bi. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kewayensa ƙafa 300 ne, yadi 100 na raga. Amma kada a ɗauka kewaye shi ne girman fili. Wani fili siriri, ƙafa 25 da 125, shi ma kewayensa 300 ne. Raga ɗaya za su ci. Na farkon murabba'in ƙafa 5,000 ne, siririn kuwa 3,000 da 'yan kai. Wanda ya zagaya gona da ƙafa ya ce ta yi girman waccan don ya gaji daidai, bai auna komai ba.

Tunda mun taɓo fuloti, bari in ɗan tsaya. Awon fili ba baƙon abu ba ne a arewa. A zamanin Turawa, a ƙasar Kano, akwai malaman da ake turawa gonaki su auna tsawo da faɗi da takun ƙafa, a yanka haraji gwargwadon girman gona. Mu ma a lokacin lardin Kano muke, sai a 1926 aka mayar da ƙasarmu ta Katagum lardin Bauchi. Yau takun ƙafa ya kau, amma rikicin ma'auni yana nan. Dillali ya ce maka fulotin 50 da 100 ne. Takarda ta fito, an rubuta mita 15 da 30. Za a ce maka duk ɗaya ne. Kusan ɗaya ne, amma ba ɗaya ba ne. Na ƙafar ya kai murabba'in mita 465. Na mitar 450 ne. Abin da ke tsakaninsu ya fi filin ɗaki sha biyu sha biyu. A Azare, inda gari ke ta faɗaɗa, filin ɗaki guda ba abin yarwa ba ne.

Manoma, ku ma kuna ciki. Malamin gona da hekta yake ba da shawarar taki da iri. Hekta mita 100 ce tsawo, mita 100 faɗi. Eka ba ta kai rabin hekta ba. Hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Wanda ke da eka ya zuba takin hekta, ya ƙona kuɗinsa, wataƙila har da shukarsa.

Kafin in rufe, kalma ɗaya ga 'yan uwana masu kanti. Na san mafi yawanku ba ku da niyyar tauye kowa. Amma awon nan na daga hanci zuwa kan yatsa, a bar shi. Hannun Alhaji dogo ne, na yaron shago gajere. Safe da yamma ba yadi ɗaya ake sayarwa ba. Sandar yadi ba ta da tsada, tef ma haka. Kuma leda da roba suna miƙewa in an ja su da ƙarfi, su koma in an saki. A auna su a kwance. Kowa ya san akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan masu tauye awo, ba sai na yi wa kowa wa'azi ba. A ganina ma, mai shagon da ya rubuta faɗin kowane naɗi a jikinsa, ya kuma ƙi sa almakashi sai an gaya masa awon ɗaki, shi zai fi ciniki. Gwaggon da ledarta ta kai bango, ita za ta turo masa sauran dangi.

Wataƙila wata uwa tana saurare tana cewa, ni ban yi boko ba, ina ni ina sukwaya. Inna, ba sai kin yi ba. Ki samu igiya biyu. Ki ja ɗaya daga wannan bango zuwa wancan, ki yanke. Ki ja ɗayar ta ɗaya ɓangaren, ki yanke, ki yi mata ƙulli don kada su rikice miki. Ki naɗe su a bakin zane ki tafi da su kasuwa. Ki miƙa wa mai kanti ki ce, "Ga ɗakin." Ki sa ya ɗora gajeriyar a kan faɗin ledar, ki gani da idonki falle nawa za ta ci. Sannan ya auna kowane falle da doguwar. In ɗakin ba a yi masa filasta ba, bulo ma ya isa shaida, domin bulon siminti ƙafa ɗaya da rabi ne, takwas a jere sun kai ƙafa 12.

Masu biki a gaba, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Masu gini, Allah ya hore abin ƙarasawa. Yaran gida da ke makaranta, yau da daddare ku ɗauki tef ko igiya ku auna wa iyayenku ɗakunansu, ku rubuta a bayan ƙofa. Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba, in Allah ya kai mu. A huta lafiya. Wassalamu alaikum.